Ƙofar Shiga Maita a Ƙasashen Turai: Tarihinta Daga Zauren Shari'a Zuwa Kantin Littattafai

Gabatarwa



Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin manyan kantunan littattafai na birnin Landan ko na Niyok zai tarar da kanta guda cike da littattafan da aka rubuta domin mai son ya fara koyon maita. A cikinsu ana gaya wa sabon shiga kayan da zai tanada, da ranakun bukukuwa, da kalmomin da zai furta ya ɗauki alkawari shi kaɗai a ɗakinsa. A fili ake sayar da su, ba wanda yake ɗaga ido ya dubi mai saye. Amma shekara ɗari huɗu da suka wuce, a Ingilar nan dai, zargin maita kawai ya isa ya kai mutum ga igiyar rataya. Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: ta yaya abin da ake kashe mutum a kansa ya zama abin da ake koyo daga littafi? Zan bi sawun abu guda a cikin tarihin, watau ƙofar shiga, yadda aka ce mutum yana zama maye a kowane zamani. Hukuncin sihiri a addini fage ne na malamai, kuma sun yi bayaninsa. Aikina a yau na mai nazarin tarihi ne: wa ya faɗi me, a wace shekara, da wace hujja.

Ma'anar kalmar

Kafin mu tsallaka teku, ya kamata mu daidaita kalmominmu. A al'adar Bahaushe, maye shi ne wanda aka yi imani yana da ƙanƙara a cikinsa, yana kama kurwar mutum ya ci. Ana cewa ana shan maita a nono, ko kuwa a saye ta a haɗiye. Bahaushe ya bambanta wannan da aikin boka, da sammu, da kuma bori, wanda yake da tasa ƙofar sananniya, watau girka, mai malamai da kwanaki da kayan da ake tanada. Ba wanda yake fitowa kasuwa ya ce shi almajirin maita ne. Suna ne da wasu suke liƙa wa mutum.

Wani masani Baturen Ingila, Evans-Pritchard, ya tarar da irin wannan bambanci wajen ƙabilar Azande ta ƙasar Sudan ta wancan lokaci, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1937. A wurinsu akwai ƙarfin cutarwa da ake gada, yana zaune a cikin ciki, akwai kuma sihirin da ake koya ana haɗa magunguna. Su kuwa Turawa kalma guda suke amfani da ita ga abubuwa uku dabam-dabam: cutar da maƙwabci ta ɓoyayyiyar hanya, da bautar Shaiɗan wadda kotunan da suka zargi mutane da ita, da kuma wani sabon addini da ya bayyana a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Zan yi amfani da kalmar maita ga duka ukun saboda rashin wadda ta fi ta, amma ina roƙon masu sauraro su riƙe wannan bambanci a zuci.

Ƙofar da malamai da alƙalai suka zana

Talakan Turai, kamar talakan ko'ina, ya daɗe yana tsoron maƙwabciyar da za ta sa saniyarsa ta daina ba da nono ko jaririnsa ya rame. Sai dai a farkon al'amari coci ba ta ɗauki labarin tashi sama da dare a matsayin gaskiya ba. Akwai wata ƙa'ida ta coci da wani malami mai suna Regino ya rubuta wajen shekara ta 906, wadda ta ce matan da suke zaton suna yawo a sararin sama da dare mafarki ne Shaiɗan yake ruɗinsu da shi, kuma laifinsu shi ne gaskata mafarkin.

A ƙarni na goma sha biyar ne ra'ayi ya juya. Tun daga shari'o'in da aka yi a yankin Valais na ƙasar Suwizalan ta yau a 1428, malaman coci da alƙalai suka fara cewa mayu ƙungiya ce ta asiri, mai shugaba da wurin taro da ƙa'idar ɗaukar sabon shiga. A 1484 Fafaroma Innocent na Takwas ya ba wani mai binciken bidi'a, Heinrich Kramer, takardar izinin farautar mayu a ƙasar Jamus. Da Kramer ya gwada aikinsa a garin Innsbruck a 1485, babban limamin yankin ya ga rashin kan gadon shari'ar, ya sallami matan da ake tuhuma, ya nemi Kramer ya bar masa ƙasa. Kramer ya koma gefe ya rubuta littafin nan Malleus Maleficarum, watau gudumar dukan mayu, aka buga shi wajen 1486. Na'urar ɗab'i ba ta fi shekara talatin da 'yan kai da samuwa ba a lokacin, saboda haka littafin mutumin da aka kora ya yaɗu fiye da hukuncin wanda ya kore shi.

Ga yadda irin waɗannan littattafai suka zana ƙofar shiga. Shaiɗan yana zuwa wa mutum a lokacin baƙin ciki ko talauci, cikin siffar baƙo mai kyawawan tufafi. Ya yi masa alkawarin kuɗi. Mutumin ya fita daga addininsa, ya yi mubaya'a, a sake masa suna, a yi masa tambari a jiki, a ba shi man shafawa da zai ɗauke shi zuwa taron dare. Abin lura shi ne, wannan tsari baftismar Kirista ce aka juya ta baibai, mataki bayan mataki. Wanda ya san yadda ake shiga coci shi ne zai iya ƙaga yadda ake shiga kishiyarta. Masu binciken tarihi sun tona kundayen kotuna na ƙasashe da yawa, ba su sami hujja ko guda ba cewa irin wannan ƙungiya ta taɓa wanzuwa.

Yadda aka sami iƙirari

To, in babu ƙungiyar, me ya sa dubban mutane suka amsa da bakinsu cewa sun shige ta? Amsar tana cikin tsarin shari'a. A yawancin ƙasashen Turai, ba a yanke hukuncin kisa sai da shaidu biyu da suka gani da ido, ko kuwa iƙirarin mai laifi. Maita ba ta da shaidar ido. Saboda haka sai aka dogara ga iƙirari, doka kuma ta yarda a azabtar da wanda ake tuhuma don a same shi. Alƙali yana da jerin tambayoyi a rubuce, waɗanda aka tsamo daga littattafan da na ambata. Wannan ne ya sa iƙirarin manomiya a Faransa ya yi kama da na ɗan kasuwa a Jamus. Alƙalai kuwa suka ɗauki kamannin a matsayin tabbacin gaskiya, alhali tambaya guda ce take haifar da amsa guda.

Misali mafi bayyana ya fito daga garin Bamberg na ƙasar Jamus. A cikin watan Mayu na 1626, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, sanyi mai tsanani ya sauka ba a lokacinsa ba, ya ƙone inabi da hatsi. Jama'a suka nemi wanda za su ɗora wa laifi. A 1627 hukuma ta gina kurkuku na musamman domin mayu, kuma kafin 1631 an kashe ɗaruruwan mutane. A cikinsu har da magajin garin, Johannes Junius, mai shekara 55, wanda aka riga aka kashe matarsa a kan wannan tuhuma. A cikin kundin kotu akwai iƙirarinsa cikakke: yadda Shaiɗan ya same shi a gonarsa yana cikin damuwa, yadda aka sake masa suna, yadda ya halarci taro. Amma akwai wata takarda ta biyu, wasiƙar da ya rubuta wa 'yarsa a ɓoye ranar 24 ga Yuli, 1628, da hannuwan da aka murƙushe. A ciki ya gaya mata ba shi da laifi, kuma mai azabtar da shi ne da kansa ya roƙe shi ya ƙaga wani abu ya faɗa, don ba za a ƙyale shi ba har sai ya amsa. Ya ce an riƙa ambata masa titunan garin ɗaya bayan ɗaya, ana neman ya kawo sunan maye a kowanne. Ta haka kowane iƙirari yake haifar da sababbin kamu.

Ɗalibin tarihi ya dubi waɗannan takardu biyu da kyau. Da wasiƙar ta ɓace, da abin da ya rage mana shi ne kundin hukuma, mai kwanan wata da sa hannu da hatimi, kuma ƙarya ne daga farko har ƙarshe.

A Ingila doka ba ta yarda da azabtarwa a irin wannan shari'a ba, shi ya sa waɗanda aka kashe a can ba su wuce kimanin 500 ba, kuma rataye su aka yi. Duk da haka, a lokacin yaƙin basasar ƙasar, tsakanin 1645 da 1647, wani saurayi mai suna Matthew Hopkins ya sami iƙirari ta hanyar hana mutane barci kwana da kwanaki, aka rataye kimanin mutum ɗari. A garin Salem na Amurka, a 1692, an rataye mutum 19, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu. Ƙididdigar da masana suka fi yarda da ita a yau ita ce, tsakanin ƙarni na goma sha biyar da na goma sha takwas an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 a Turai da yankunan da ta mallaka, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu mata ne.

Ma'aikatan da suka tsaya suka bincika

Wannan sashe na ma'aikatan gwamnati ne musamman, domin waɗanda suka fara taka wa abin burki ma'aikata ne a cikin tsarin kansa. A 1610 kotun binciken bidi'a ta ƙasar Sifen ta ƙone mutum shida da ransu a garin Logroño. Ɗaya daga cikin alƙalan uku, Alonso de Salazar, bai gamsu ba. A 1611 ya fita rangadi cikin ƙauyukan Basque, ya saurari mutum 1,802 da suka ce su mayu ne, 1,384 daga cikinsu yara ƙanana. Ya raba su, ya tambayi kowa shi kaɗai inda aka yi taron da inda Shaiɗan ya zauna, sai amsoshi suka saɓa. Ya sa aka gwada man shafawar da suka kawo, aka ga ba ya komai. Ya rubuta wa shugabanninsa cewa bai sami alamar aikin maita ko guda ba, kuma babu maye babu wanda aka kama a ƙauyukan nan sai bayan da aka fara wa'azi da maganar abin. A 1614 hedkwatar kotun ta fitar da sababbin ƙa'idoji masu tsananta neman hujja, daga nan ƙone mayu ya kusan ƙarewa a hannun wannan kotu.

A Jamus kuma wani limami, Friedrich Spee, ya buga littafi a 1631 ba tare da sa sunansa ba, yana nuna cewa azaba ce take ƙera mayu, kuma da za a yi wa alƙalan kansu abin da suke yi wa mutane, da su ma sun amsa. Sannu a hankali manyan kotuna suka daina karɓar irin wannan hujja. Faransa ta sauya dokarta a 1682. A Birtaniya, dokar da ta fara aiki a 1736 ta soke laifin maita ɗungurungum, ta maye gurbinsa da laifin yin da'awar maita don a yaudari jama'a, hukuncinsa ɗaurin shekara guda. Watau a idon doka maye ya tashi daga bawan Shaiɗan ya koma ɗan damfara. Mace ta ƙarshe da aka fi ambata cewa an kashe a Turai kan irin wannan zargi ita ce Anna Göldi, wata 'yar aiki a yankin Glarus na Suwizalan, a 1782. Sai a 2008 hukumar yankin ta wanke ta.

Kuskuren masaniya

Da a ce labarin ya tsaya nan, da ba mu da littattafan sabon shiga a kanti. Abin da ya farfaɗo da shi aikin masana ne. A ƙarni na goma sha tara wasu marubuta, irin su Jules Michelet na Faransa a 1862, suka kawo ra'ayin cewa waɗanda aka ƙone mabiya wani tsohon addinin gargajiya ne da ya ɓuya a ƙauyuka. Wadda ta ba wannan ra'ayi rigar ilimi ita ce Margaret Murray, wadda aka haifa a Kalkata ta ƙasar Indiya a 1863, malama a jami'a a Landan, ƙwararriya a kan tarihin Masar ta dā. A littafinta na 1921 ta ce mayun Turai suna bauta wa wani abin bauta ne tun kafin zuwan Kiristanci, suna taruwa ƙungiya-ƙungiya ta mutum goma sha uku, suna da bukukuwa a ranaku sanannu da ƙa'idar shigar da sabo.

Daga ina ta samo hujja? Daga iƙirarin nan dai na kotuna. Ta ɗauki abin da zai iya faruwa, kamar cin abinci da rawa, ta tsallake abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar rikiɗa zuwa zomo ko hawa karan ciyawa a tashi sama, ko da kuwa a shafi guda suke. Batun mutum goma sha uku ya dogara ne ƙwarai a kan maganar mace guda, Isobel Gowdie ta ƙasar Sukotlan, a 1662. Masanan fannin sun soki littafin tun fitowarsa. Amma a 1929 aka ba ta aikin rubuta bayanin maita a babban kundin sani na Britannica, ta rubuta ra'ayinta kamar tabbataccen abu, aka yi ta sake buga shi kusan shekara arba'in. Sai a 1975 Norman Cohn ya jera nassoshin asali kusa da abin da ta tsamo, kowa ya ga wuraren da aka yanke.

Irin wannan ne ya faru da ƙididdiga. A 1784 wani Bajamushe, Gottfried Voigt, ya ɗauki yawan waɗanda aka kashe a garinsu cikin 'yan shekaru, ya ninka shi a kan dukan Turai da ƙarnoni masu yawa, ya fito da fiye da miliyan 9. Wannan adadi ya yi ta yawo daga littafi zuwa littafi har ƙarni na ashirin, don ba wanda ya koma ya tambayi inda aka samo shi.

Gerald Gardner da ƙofa ta zahiri

Mutumin da ya mai da ra'ayin Murray aiki tsohon ma'aikacin mulkin mallaka ne. An haifi Gerald Gardner kusa da Libaful a 1884. Ya yi aikin gandun shayi da na roba a Silon da Borniyo da Malaya, daga baya ya shiga aikin gwamnati, har ya yi ritaya daga ma'aikatar kwastan a 1936. Mutum ne mai sha'awar al'adun mutanen da ya zauna cikinsu, har ya rubuta littafi a kan wuƙaƙen Malaya. Da ya koma gida ya zauna a kudancin Ingila. Shi ne ya ce a watan Satumba na 1939 wasu mutane a yankin New Forest sun shigar da shi wata ƙungiyar mayu, ragowar tsohon addinin nan da Murray ta bayyana.

Bai iya fitowa fili nan da nan ba, domin dokar 1736 tana nan da ranta. A 1944 ma an ɗaure wata mata, Helen Duncan, wata tara a ƙarƙashinta saboda da'awar kiran ruhohin matattu. Saboda haka a 1949 sai ya zuba abin cikin littafin ƙagaggen labari. A 1951 majalisa ta soke tsohuwar dokar. A 1954 ya buga Witchcraft Today, watau maita a yau, Murray da kanta ta rubuta masa gabatarwa. Addinin da ya fito daga nan shi ake kira Wika.

A nan ne aka fara samun ƙofar shiga wadda mutane suke bi da ƙafarsu, da son ransu. Ba a shiga sai ta hannun wanda ya riga ya shiga, namiji ya shigar da mace, mace ta shigar da namiji. Al'ada ta zama mai nema ya jira shekara guda da kwana ɗaya. Ran shigarwa a rufe masa ido, a ɗaure masa hannu, a kawo shi bakin da'irar da aka zana, ya yi rantsuwar riƙe asiri. Akwai daraja uku da ake hawa. Sabon shiga yana kwafe littafin ƙungiya da hannunsa. Suna girmama abin bauta mace da namiji mai ƙaho, suna bukukuwa takwas a shekara bisa juyin yanayi, kuma sun ce ba ruwansu da Shaiɗan, tunda shi na cikin aƙidar Kirista ne.

Daga ina waɗannan ƙa'idoji suka fito? Rufe ido da ɗauri da rantsuwa da daraja uku duk suna cikin tsarin ƙungiyar asiri ta Firimesin, wadda Gardner ya shiga tun yana Silon. Wata mata mai suna Doreen Valiente, wadda ya shigar a 1953, ta gane cewa sassa da yawa na littafin da aka ce na kaka da kakanni ne an ɗebo su daga rubuce-rubucen Aleister Crowley, wani mai sihiri da Gardner ya sadu da shi a 1947. Ta faɗa masa, ya ba ta dama ta sake rubuta su. A 1957 suka rabu saboda yawan son 'yan jarida da yake yi. Gardner ya mutu a cikin jirgin ruwa a 1964, aka binne shi a Tunis. A 1999 Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya buga cikakken bincike da ya nuna cewa Wika sabon addini ne na ƙarni na ashirin, wanda aka harhaɗa daga kayan da suke cikin al'adun Ingila na ƙarni biyu da suka gabata. Da yawa daga mabiyan sun karɓi wannan sakamako.

Daga hannun malami zuwa shafin littafi

Saura mataki guda. Raymond Buckland, Baturen Ingila mazaunin Amurka, ya je Sukotlan aka shigar da shi a 1963, ya koma ya kafa ƙungiya a jihar Niyok. Nan da nan masu nema suka fi ƙarfin masu shigarwa, ga kuma faɗin ƙasa. A 1974 Buckland ya buga littafin da ya ba mutum izinin shigar da kansa. A 1979 wata marubuciya da ake kira Starhawk ta haɗa abin da fafutukar 'yancin mata da ta kare muhalli. A 1988 Scott Cunningham ya fitar da jagora domin mai yi shi kaɗai, wanda aka sayar da dubban ɗaruruwa. Tun daga nan yawancin masu shiga ba su taɓa ganin ƙungiya ba. Da intanet ta zo, sai ta ƙarasa abin da littafi ya fara.

Hukuma ma ta bi baya. A 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, a ƙarar da wani fursuna ya shigar a jihar Bajiniya, ta yanke cewa Wika addini ne a idon tsarin mulki. A 2007 gwamnatin ƙasar ta yarda a zana tauraronsu mai tsini biyar a kan kaburburan sojoji. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kimanin mutum 13,000 suka rubuta Wika a matsayin addininsu, wasu 74,000 kuma suka kira kansu mabiya addinin gargajiya. A 2022 shugabar gwamnatin Sukotlan, Nicola Sturgeon, ta nemi gafara a madadin hukuma saboda kusan mutum 4,000 da aka tuhuma a ƙasar a ƙarƙashin dokar 1563.

Kammalawa

Jama'a, mun ga ƙofa uku. Ta farko malamai da alƙalai suka zana ta a takarda, suka tura mutane ciki da azaba. Ta biyu masaniya ce ta gina ta daga waɗannan takardu, bayan ta yanke abin da bai dace da ra'ayinta ba. Ta uku wani ma'aikaci mai ritaya ne ya kafa ta bisa aikin masaniyar, magadansa kuma suka cire mata ƙyaure. Matashiyar da take sayen littafin sabon shiga a Landan, da tsohuwar da aka ƙone a Bamberg, suna ne kawai ya haɗa su. Ita ta zaɓi sunan, waccan kuwa ɗora mata aka yi.

Wannan ɗorawa ita ce ta shafe mu, domin ba ta ƙare ba. A arewacin Gana akwai matsugunai irin na Gambaga, inda matan da aka kora daga garuruwansu da sunan maita suke fakewa. A watan Yuli na 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a garin Kafaba, a gaban taron jama'a. A 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutarwar da take biyo bayan irin wannan zargi. A nan gida, kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya haramta wa mutum ya ce shi maye ne, ya kuma haramta masa ya zargi wani da maita. Duk da haka kowa a cikin wannan zaure ya san yadda abin yake: yaro ya kwanta zazzaɓi, ya ambaci sunan wata tsohuwa cikin magagi, kafin la'asar an taru a ƙofar gidanta ana neman ta fito ta tsallake shi. Wadda ake zuwa wa ɗin kuwa galibi gwauruwa ce, ko baƙuwa, ko wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata.

Hausawa na cewa in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Baƙin cikin uwar gaskiya ne, kuma ya cancanci a ba shi amsa. Amsar tana wajen malamin asibiti da zai duba jinin yaron, da ma'aikacin da zai duba rijiyar unguwar. Wasu daga cikinku za su zama alƙalai, wasu 'yan sanda, wasu sakatarorin ƙananan hukumomi, wasu malaman makaranta, kuma wata rana za a kawo muku irin wannan ƙara, da taron jama'a a bayanta, har ma da iƙirarin wadda ake zargi. Ran nan sai ku tuna da takardu biyu na Junius, ku tambayi yadda aka yi aka sami iƙirarin. Ku tuna da Salazar, wanda ya raba masu ba da labari ya tambaye su ɗaya-ɗaya, ya gwada man shafawar, sa'an nan ya rubuta wa na gaba da shi abin da ya gani, ko da yake abokan aikinsa biyu ba su so ba. Ɗalibai kuma, duk lokacin da kuka ci karo da adadi ko labari a cikin babban littafi, ku bi shi har inda ya fito kafin ku kwafe shi.